Tsakanin Fada da Ɗakin Ibada: Abin da Marubutan Almara Suke Kasa Gani

A cikin dogayen littattafan almara na Turawa, irin waɗanda marubuci yake ƙera wa duniya sukutum da taswirarta da tarihinta da jerin sarakunanta, akwai rigima guda da take dawowa kusan a kowane littafi, ita ce ta wanda ya fi ƙarfin faɗa a ji tsakanin mai gadon sarauta da mai jan ragamar addini. Matasanmu da yawa sun san waɗannan labarai, wasu ta hanyar karatu, mafi yawa kuma ta hanyar finafinan da aka shirya daga cikinsu. Ra'ayina shi ne, akasarin marubutan nan sun ƙware wajen zana sarki da fadawansa da makircin fada, amma da zarar sun zo kan mai imani sai alƙalaminsu ya yi sanyi, su ba mu ɗayan mutum biyu: ko mayaudarin da ya san ƙarya yake yi, ko mai zafin kai da ba ya jin kira. Wannan gazawa tana damuna ƙwarai, domin labarin da ya cire gaskiyar imani daga rigimar fada da malamai ya cire abin da yake ba rigimar nauyi, kuma yana koya wa mai karatu wata fahimtar mulki da ba ta yi daidai da abin da ya faru a tarihi ba.

Abin mamaki, mutumin da ake ɗauka a matsayin uban wannan fanni bai shiga rigimar ba ko kaɗan. J. R. R. Tolkien, wanda littafinsa The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, ɗan ɗarikar Katolika ne mai riƙo da addininsa, amma a ƙasashen jarumansa babu limami, babu ɗakin ibada, babu wata hukuma ta malamai da za ta ja da sarki. A wata wasiƙa da ya aika wa wani limami abokinsa a 1953, ya bayyana cewa littafin na addini ne tun daga tushe, kuma saboda haka ne ya cire kusan duk wata ibada ta zahiri daga cikinsa, ya bar addinin ya narke a cikin labarin. Babban haikalin da ya yi fice a duniyarsa shi ne wanda Sauron, babban mugun labarin, ya sa aka gina a tsibirin Númenor, inda ake yanka mutane hadaya, bayan ya ruɗi sarkin ƙasar da tsoron mutuwa. Sarkin ƙwarai a wurin Tolkien shi kansa mai albarka ne, hannunsa yana warkar da marasa lafiya, don haka babu buƙatar wani malami ya tsaya a gabansa ya ce masa ya ji tsoron Allah.

Waɗanda suka biyo baya sun shigo da malaman, amma mafi yawansu sun shigo da su ne a matsayin abokan gaba. A jerin littattafan Robert Jordan da suka fara fitowa a 1990 akwai rundunar masu fararen alkyabbu da suka mayar da sarkin ƙasar Amadicia ɗan amshin shata, suna azabtar da duk wanda suka zarga har sai ya amsa laifin da bai yi ba. A littattafan Philip Pullman da suka soma a 1995, hukumar addini ce take mulkin duniya, tana tsoron ilimi, tana cutar da yara. A Mistborn na Brandon Sanderson, wanda ya fito a 2006, sarki da kansa ne abin bauta har tsawon shekara dubu, malamansa kuma su ne ma'aikatan gwamnati da 'yan leƙen asiri, kuma jagoran 'yan tawaye bai samu hanyar tayar da talakawa ba sai da ya shirya mutuwarsa yadda za ta haifar da sabon addini. Dune na Frank Herbert, na 1965, ko da yake labarin sararin samaniya ne, ya yi tasiri a kan fannin gaba ɗaya, kuma a cikinsa wata ƙungiyar mata ce ta shuka labarin zuwan Mahadi a tsakanin mutanen hamada tun ƙarnoni da suka shuɗe domin wata rana ta ci moriyarsa. Jarumin ya hau kan wannan shuka, kuma littafi na biyu, na 1969, ya faɗa mana cewa yaƙin da aka yi da sunansa ya ci rayuka biliyan 61. Gargaɗin Herbert game da shugaban da jama'a suke bi ido rufe gargaɗi ne na gaskiya, ina kuma girmama shi, sai dai a cikin wannan tsari duk mai imani mutum ne da aka yaudara, masu wayo kuwa su ne waɗanda suka san asirin.

Ba na cewa wannan zato ya faɗo daga sama. Marubutan nan 'ya'yan tarihin Turai ne, tarihin da ya ga kotunan coci masu ƙona mutane, ya kuma ga Yaƙin Shekara Talatin, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya yi wa ƙasashen Jamus kaca-kaca. Wanda ya gaji irin wannan tabo yana da hujjar yin ɗari-ɗari da malami mai takobi. Amma tarihin nan da kansa ya fi littattafan zurfi, kuma marubucin da na ga ya fi kusantar zurfinsa shi ne George R. R. Martin, a littafi na huɗu na jerinsa, A Feast for Crows, wanda ya fito a 2005.

Kafin a kai wannan littafi, yaƙin sarakuna biyar ya riga ya cinye ƙauyuka. An ƙone gonaki, an fasa ɗakunan ibada, an kashe limamai, an yi wa mata masu hidimar addini fyaɗe, kuma babu wani basarake da ya tsaya ya kare talaka, domin su kansu sarakunan ne suka saki sojojin. Sai talakawa suka yi ta tururuwa zuwa babban birni, ƙafa ba takalmi, suna kiran kansu da sunan gwara, ɗan tsuntsun nan da ya fi kowane yawa kuma ba wanda yake kula da shi, suna ɗauke da ƙasusuwan limaman da aka kashe, suka jibge su a dandalin babban ɗakin ibada. Da lokacin zaɓen babban limami ya zo, suka fasa ƙofa da gatura, suka shiga da jagoransu a kafaɗa, manyan malamai kuma suka zaɓe shi saboda tsoro. Wannan mutum, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwara, ya sayar da kambin limanci da tufafin alfarma ya ciyar da mayunwata, ya sa manyan malamai masu ƙiba suka durƙusa suna wanke daɓe. Duk wanda ya karanta wannan sashe da idon basira zai ga cewa ƙarfinsa bai fito daga wata dabara ba. Zaluncin fada ne ya haife shi, kuma mutanen da suke bayansa suna da gaskiya a kukansu.

Sannan Cersei, uwar sarki mai riƙon sarauta, ta zo wurinsa da bukatu biyu. Tana son ya sa wa ɗanta Tommen albarka, domin ba tare da ita ba sarautar yaron tana rawa, tana kuma son a yafe bashin da fada ta ci daga baitulmalin addini, wanda ya haura tsabar zinariya 900,000. Shi kuma ya nemi abu guda, a soke tsohuwar dokar da ta hana mabiya addini ɗaukar makami tun zamanin Sarki Maegor. Ta amince nan take, tana murna cewa ta yi ciniki mai riba, har tana shirin amfani da kotunsa don ta halaka surukarta Margaery da ƙazafin zina. Kuskurenta shi ne ta auna shi da mudun da take auna kowa, ta ɗauka yana da farashi. Shi kuwa bai yarda da shaidar da ta turo ba, ya sa aka yi wa mutumin bulala har ya faɗi gaskiya, kuma Cersei ta tsinci kanta a kurkukun da ta gina wa wata. A littafi na biyar, na 2011, aka aske mata kai, aka tuɓe ta, aka sa ta ratsa birnin a ƙafa jama'a suna jifanta, hukuncin da Martin ya ce ya samo tushensa daga abin da aka yi wa Jane Shore, farkar Sarki Edward na Huɗu, a Landan a 1483.

Abin da ya sa wannan sashe ya fi sauran a wurina shi ne, marubucin bai sauƙaƙa wa mai karatu ba. Babban Gwara ba ɓarawo ba ne, ba ya cin amanar talaka, kuma da gaske ya yarda da abin da yake faɗa. Amma mutumin nan yana azabtar da fursuna, yana hana mace barci har sai ta amsa laifi, yana kallon mata a matsayin tushen fitina, kuma hukuncin da ya yanke wa Cersei wulaƙanci ne da ba a yi wa mazan da suka aikata abin da ya fi nata muni. Tsarkin zuciyarsa bai hana shi zalunci ba, hasali ma shi ya cire masa shakkar da take sa mai mulki ya ja da baya. A littafin kuma akwai wani limami, Meribald, wanda bai iya karatu ba, yana yawo ƙauye-ƙauye da jaki da kare yana raba abinci, yana bayyana yadda yaƙi yake karya ɗan talakan da aka ɗebo daga gona har ya koma ɗan fashi. Addini ɗaya ne ya fitar da mutanen biyu, kuma da zarar marubuci ya yarda da haka, ya daina yi wa addini kallon abu guda mai fuska ɗaya.

Shirin talabijin da aka yi daga littattafan, Game of Thrones, wanda aka nuna daga 2011 zuwa 2019, ya kasa riƙe wannan nauyi. A ƙarshen zango na shida, a 2016, Cersei ta tarwatsa babban ɗakin ibadar da wuta, da limamin da mabiyansa da manyan ƙasa duk a ciki, ta hau gadon sarauta, kuma daga nan addini ya ɓace daga labarin kamar ba a taɓa yinsa ba. Ba a ga bore ba, ba a ga wani limamin ƙauye ya tashi ya la'ance ta ba, dubban talakawan da suka cika birnin suka yi tsit. Wanda ya rubuta wannan ya ɗauka cewa imani yana zaune ne a cikin gini da shugaba, idan an rushe su shi ke nan. Tarihin Ingila, wanda Martin ya sha ɗiba daga cikinsa, ya ƙaryata haka. A ranar 29 ga Disamba 1170 barade huɗu na Sarki Henry na Biyu suka kashe babban bishop Thomas Becket a cikin cocin Canterbury, bayan shekaru ana jayayya a kan wanda yake da ikon hukunta limamai. Mutum ɗaya aka kashe, amma a 1173 Paparoma ya ayyana shi waliyyi, a 1174 kuma sarkin da kansa ya taka ba takalmi zuwa kabarinsa, ya miƙa bayansa limaman cocin suka yi masa bulala. Gawar Becket ta fi Becket mai rai ƙarfi, saboda jama'ar da sarki yake mulka sun yarda cewa an taɓa abin Allah.

Akwai kuma wani ɓangare da littattafan almara suke yawan mantawa, wato shi kansa sarki yakan kasance mai imani. Sun saba nuna mana basaraken da yake murmushi a ɓoye yayin da talakawa suke sujada, kamar Stannis, ɗaya daga masu neman sarauta a littattafan Martin, wanda ya daina yarda da allolin kakanninsa tun ranar da ya ga jirgin iyayensa ya nutse, ya kuma rungumi matsafiyar wuta don kawai ya ga tana da ƙarfi. Irin wannan sarki yana nan a tarihi, amma ba shi ya fi yawa ba. A watan Janairu 1077 Sarkin Jamus Henry na Huɗu ya tsaya kwana uku a cikin dusar ƙanƙara a ƙofar ganuwar Canossa yana roƙon Paparoma Gregory na Bakwai ya janye korar da ya yi masa daga coci. Akwai lissafin siyasa a ciki, domin manyan ƙasarsa suna shirin tsige shi, kuma a 1084 ya kama birnin Rum, Gregory ya rasu yana gudun hijira a Salerno a 1085. Amma rigimar ba ta mai addini da marar addini ba ce, domin Henry ya yarda cewa Allah ne ya naɗa shi, kuma naɗa bishop-bishop haƙƙinsa ne. Haka abin yake a Bagadaza a 833, lokacin da Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai su furta cewa Alƙur'ani halitta ne. Halifan masani ne, yana ganin gyaran aƙidar al'umma yana wuyansa, Imam Ahmad bin Hanbal kuma ya ƙi, ya sha ɗauri, aka yi masa bulala a zamanin Mu'utasim, har Mutawakkil ya kawo ƙarshen fitinar. Kowane ɓangare yana ganin shi ne yake kare addini, kuma abin da ake jayayya a kai shi ne wa yake da ikon faɗin abin da addinin ya ce. Wannan ita ce rigimar da ta fi kowace zafi, kuma da wuya ka same ta a littafin almara.

Wani zai ce ai almara nishaɗi ce, ba darasin tarihi ba, kuma a duniyar da alloli suke saukowa su yi magana, matsafa kuma suke tayar da matattu, tambayar imani ta canza kama. Na yarda da rabin maganar. Idan mu'ujiza tana faruwa a bainar jama'a, shakka takan koma kan wanda yake fassara ta, kuma wannan ma fage ne mai faɗi da marubuci zai iya nomawa. Amma batun nishaɗi ba ya wanke kowa, domin su marubutan ne da kansu suka ɗaga matsayin fannin. Martin ya taɓa tambaya, yana sukar yadda Tolkien ya rufe labarinsa, shin wane irin tsarin haraji jaruminsa Sarki Aragorn ya bi bayan ya hau mulki. Tambaya ce mai kyau, kuma wanda ya yi ta ya buɗe ƙofar a tambayi marubuta irinta game da addini: wa yake wanke gawa a wannan duniya, wa yake ɗaura aure, wa yake raba gado, wa talaka yake kai wa kuka idan hakimi ya ƙwace masa gona? Ikon malami yana fitowa ne daga waɗannan ƙananan hidimomi na yau da kullum, kuma littafin da bai nuna su ba ba zai iya bayyana dalilin da ya sa dubban mutane za su mutu saboda kalmarsa ba.

Mai karatu Bahaushe yana da ma'aunin da zai gane wannan gibi da shi, domin tarihin ƙasarsa ya ƙunshi rigimar a cikakkiyar siffarta. A Magami, wajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Biyu daga cikin biyar ɗin kukan talaka ne tsantsa, kuma sarkin ya amince. Ba ina kwatanta Shehu da wani mutumin almara ba ne, nesa ba kusa ba. Abin da nake nunawa shi ne yadda ƙin karɓar kyauta ya zama ƙarfi da dukiyar fada ba ta iya saye, da yadda dangantakar ta ɗauki shekaru tana tsami, ta bi ta zamanin Sarki Nafata da dokokinsa a kan rawani da lulluɓi, kafin a kai ga hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804. Abin da ya fi taɓa ni kuma shi ne abin da ya faru ana tsakiyar nasara. Kafin Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Abdullahi bin Fodiyo, ƙanin Shehu kuma ɗaya daga manyan jagororin yaƙin, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, saboda baƙin cikin ganin yadda son mulki da dukiya ya shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu littafi a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sannan ya koma. A wancan zamanin ne kuma Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno da Muhammadu Bello suka yi ta musayar wasiƙu, malami da malami, kowa yana kafa hujja a kan halaccin yaƙin. Ban taɓa cin karo da mutum irin Abdullahi a littafin almarar Turawa ba, mai imanin da ya yi nasara, nasarar ta tsorata shi, kuma bai bar imaninsa ba.

Sai dai namu marubutan ma ba su rubuta shi ba. Tun daga Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara a 1934 har zuwa littattafan yaƙi da ake sayarwa a kasuwannin Kano, ake kuma karantawa a gidajen rediyo da intanet, tsarin da ya fi yawa shi ne jarumi Musulmi ya fuskanci sarki mai bautar gumaka da bokansa da aljanunsa, ya karya tsafin, birni ya musulunta, labari ya ƙare. Turawa sun hana mai imani gaskiya, mu kuma mun hana shi kuskure, kuma a duka biyun an rasa mutum. Na san dalilin da ya sa marubucinmu yake kaucewa, domin zana malamin da ya yi zalunci, ko sarki mai sallah da yake jayayya da alƙali mai sallah, yana iya jawo masa fushin da ba zai iya ɗauka ba, a ce da wane yake, ko da wace ɗariƙa ko ƙungiya. Amma a nan ne almara take da amfanin da labarin zahiri ba shi da shi. Marubuci yana iya ƙirƙirar birninsa da sarautarsa da zamaninsa, inda babu wanda zai ce an taɓa kakansa ko shehinsa, ya fara labarin daga ranar da aka ci birnin, lokacin da za a raba ganima, a naɗa alƙalai, a yanke shawarar ko harajin da aka yi yaƙi don a soke shi za a ci gaba da karɓarsa da wani suna.